A shingen bincike, tsakanin Gombe da Bauchi

Talata, bayan sallar isha'i, Bauchi.

Yau da hantsi na taso daga Gombe a motar haya, kuma abin da na gani a wani shingen bincike a kan hanya ya hana ni sukuni har yanzu. Da direba ya tsaya, jami'in ya leƙo ta taga ya bi fuskokinmu da kallo, ya wuce ni, ya wuce wani alhaji mai babbar riga, sai idonsa ya tsaya a kan wani saurayi Bafulatani mai kitso da takalmin roba, wanda ya ɗora malafarsa a gwiwa. Shi kaɗai aka ce ya sauko ya nuna katin ɗan ƙasa.

Yaron ya kwance wata leda daga aljihun ciki, ya zaro takardar NIN wadda ta sha ninki har rubutun ya fara gogewa, ya miƙa da hannu biyu. Duk da haka aka zazzage jakarsa a bakin titi, maganin shanu da tocila da 'yan tufafi suka zube cikin ƙura, sannan aka tsare shi da tambayar inda ya samo kuɗin da ke jikinsa. Ya ce, “Yallaɓai, bijimi na sayar,” ya maimaita cikin Hausar da ba ta gama zama a bakinsa ba. Sai da wani dattijo ya sauka ya ce, “Yallaɓai, a yi haƙuri, tun daga tasha muke tare da yaron nan, kuma ga takardarsa a hannunka,” kafin aka sallame shi.

Ba na raina aikin masu tsaron hanya, domin kowa ya san yadda masu garkuwa da mutane suka addabi ƙauyukan da ke kusa da dazukan Alkaleri, kuma da an tambayi kowa a motar katinsa, da babu abin cewa. Amma doka ba ta yarda a zaɓi mutum saboda kamanninsa ba. Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin zirga-zirga, sashe na 42 ya hana nuna bambancin ƙabila, sannan sashe na 54 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya fayyace cewa launin fata, ko shekaru, ko gyaran gashi, ko sutura, ko kallon wata al'umma a matsayin masu yawan laifi, ba su zama hujjar zargi ba. Ban da haka, ɗan fashin da ya san kitso ake nema zai yi aski ya sa kaftani ya wuce abinsa, makiyayin da shi ma ake sace masa shanu da 'ya'ya kuwa ya koyi gudun hukuma, alhali shi ya fi kowa sanin abin da ke cikin daji.

A watan Maris na 2025, lokacin da aka kashe mafarauta 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo suna hanyarsu ta zuwa Kano, dukkanmu mun ce an yi musu kuɗin goro ne saboda harshensu da shigarsu. Abin yau bai kai wancan muni ba ko kusa, amma tunanin da ya haifar da su ɗaya ne, kuma wannan a gidanmu yake faruwa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wasu fasinjoji yaron suka ga laifinsa a kan ɓata lokacin da aka yi. Da muka iso tasha, na ji direban yana gaya wa ɗan kamasho cewa daga yau kada ya ƙara sa masa Fulanin daji a mota, don ba zai riƙa asarar lodi a shinge saboda su ba.