Gasar su a fadamar Haɗeja: na je kallo, na dawo da tarwaɗa mai tsada

Jiya da daddare na dawo Kano, har yanzu ƙarnin kifi bai bar jakata ba. Kwana uku na yi a wani ƙauye da ke gabas da Haɗeja, can cikin fadama, inda maƙwabcin shagona ya ja ni in ga gasar su da matasan garinsu suka shirya. Da ya fara yi mini zancen na ɗauka ƙaramin Argungu zan gani, makaɗa da manyan baƙi, a miƙa wa wanda ya kama babban kifi makullin babur. Sai ya ce a'a, a tasu gasar ba mai komawa gida da kifi, ko da shi ne ya zo na ɗaya. Duk abin da aka kama gwanjonsa za a yi, kuɗin kuma na sayen kwalekwalen fito ne. Wannan maganar ce ta sa na rufe shago na bi shi.

Daga tashar 'Yankaba zuwa Haɗeja ba wani abin faɗi, in ban da kuɗin mota da ya ninka abin da na sani. Daga Haɗeja muka hau babur. Ɗan acaɓan ya fara da dubu biyar, da ya ji abokina ya ambaci sunan mahaifinsa sai ya sauko dubu uku, ya kuma ƙi karɓar kuɗin kaya.

Abin da ya fara tsayar mini da ido shi ne kacala. Ciyawa ce doguwa, ta fi tsayin mutum, ta cinye gefen hanya dama da hagu har inda ido ya tsaya. Ni a ganina kyau ta yi, kore shar ana tsakiyar rani. Da na faɗi haka, ɗan acaɓan ya girgiza kai ya ce, "Malam, wannan ai ita ce ta kashe mu." A daren nan mai masaukinmu, yayan mahaifin abokina, wanda shi ne Sarkin Ruwan garin, ya warware mini. Ya ce a zamanin ƙuruciyarsa kogi yakan cika da damina ya malale fadama, da rani ya ja baya, ciyawa ta bushe ta mutu. Da aka tare ruwa a Tiga a 1974, zamanin Audu Bako, daga baya aka ƙara da madatsar Challawa ta Ƙaraye a 1992, sai ruwan ya koma zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Kacala ta samu abin da take so, ba ta ƙara bushewa ba. Ta toshe hanyoyin ruwa, inda ake neman ruwa bai isa ba, inda ba a nemansa ya kwanta a gonakin mutane. A cikinta kuma tsuntsayen jan-baki ke kwana, da safe su sauka a kan shinkafa. Na yi shiru ina tuna tumatirin Kadawa da shinkafar Kura da muke ci a Kano muna alfahari da noman rani. Kogin Kano da na Challawa su ne suke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, amma ban taɓa tambayar kaina yadda mutanen da ke ƙasa da mu suke ciki ba.

Baba Sarkin Ruwa ɗakinsa ya bar mini, ya koma zaure ya kwana a tabarma. Na roƙe shi har na gaji, ya ce, "Ɗan nan, baƙo ba ya zaɓar wa mai gida wurin kwana." Inna kuwa tuwon shinkafa ta kawo da miyar kuka, an zuba ɗanyen ragon ruwa a ciki, yanka uku manya a kwanona ni kaɗai. A Kano wannan kwanon sai ranar suna. Kuma ba wanda ya tambaye ni sana'ata ko unguwarmu sai da na ƙoshi na wanke hannu.

Dalilin gasar a bayyane yake ga duk wanda ya ga mashigin garin. Da damina ruwa yakan raba su da kasuwa da makarantar sakandare da asibiti, kwalekwale ɗaya ne ke fito, tsoho, an lilliƙe shi da kwalta da tsumma. Tun ambaliyar 2022 suke zancen sabo. An taɓa rasa rayuka a wurin, ba su so su yi mini dogon bayani ba, ni ma ban matsa ba.

Da hantsi aka taru a bakin wani tafki da Sarkin Ruwa ya hana shiga tun janyewar ruwa. Kafin a fara ya tsaya ya faɗi doka da bakinsa: ba guba, ba taru mai ƙananan ido, ba gidan sauro, kifin da bai kai tafin hannu ba a mayar da shi. Liman ya yi addu'a aka shafa.

Kashi na farko na masu kwalekwale ne, kowa shi kaɗai da fatsarsa ko birginsa, wato tarun da ake jefawa, daga hantsi zuwa azahar. A nan na ga abin da ban zata ba. Cikin kwalekwalen katako guda goma sha wani abu, ga wasu biyu na roba, ɗaya ja ɗaya ruwan ɗorawa, siriri kamar ɓawon gyaɗa. Wani ɗan garin da ya yi aiki a bakin teku a Legas ne ya sayo su na hannu, ya ɗoro su a kan motar kaya har gida. Kayak ake ce musu. Asalinsu na mutanen Inuwit ne na can ƙasashen ƙanƙara, Girinlan da Alaska da arewacin Kanada, waɗanda suke ɗinka su da fatar dabbar ruwa su fita farauta. Abin tuƙinsa baki biyu gare shi, ana tsoma dama a tsoma hagu, mutum na zaune ƙasa-ƙasa, ruwa kusan a ƙugunsa. Saurayin nan shi ne ya kawo shawarar gasar tun farko. Ya nuna mini a wayarsa yadda ake yi a Amurka: masu kayak su biya kuɗin shiga, kuɗin ya tafi ga marasa lafiya ko tsofaffin sojoji, in mutum ya kama kifi ya shimfiɗa shi a kan allon awo, ya ɗauki hoto, ya sake shi ya koma ruwa. Tsayin kifin ake lissafawa. Ya ce da ya kawo wa dattawa wannan tsarin, Baba ya ce masa, "Yaro, su kuɗi gare su sai su ba da kuɗi. Mu kifi gare mu."

Na sa ido a kan jan kayak ɗin. Ba ya ƙara, ba ya tayar da ruwa, yana kutsawa cikin 'yan lungunan kacala inda na katako ba zai shiga ba. Amma da yaron da ke ciki ya so jefa birgi sai abin ya gagara, don birgi a tsaye ake jefa shi, wannan kuwa ka miƙe ka kife. Ya haƙura ya koma fatsa. Karfasa ya yi ta cirowa ɗaya bayan ɗaya, masu kyau, sai dai a ƙarshe wani dattijo mai kwalekwalen katako da birgi ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba.

Bayan azahar aka shiga abin da ya sa nake wannan rubutun, wato nutso. Na san a Argungu, bikin da aka faro a 1934, akwai kabanci, inda ake tseren kwalekwale da nutso da kamun kifi da hannu, amma a talabijin nake gani. Gani ya kori ji. Mutum takwas ne, kowa da ɗan gajeren zago, wato mashin sukar kifi, mai igiya ɗaure a wuyan hannu, ba tulun iska, ba komai sai numfashin da Allah ya ba shi. A hotunan da na gani na Turawa ruwan garau yake, mai nutso na hango kifi daga nesa ya harbe shi da bindigar roba. Nan ruwan kamar kunun kanwa. Saurayin Legas ya kawo tabaran ruwa, ba wanda ya karɓa, don ba abin da za a gani da shi. Da hannu suke gani. Mutum zai nutse ya bi gindin ciyawa da ramukan gaɓa yana lalube, in ya taɓa santsin tarwaɗa ko ramboshi ya soke.

Na zauna kusa da wani mai nutso da zai kai shekara hamsin, na ga hannunsa da kyau. Tafin duk tabo ne, ƙayar ƙurungu ta huda shi ba adadi, babban yatsansa na dama ba ya lanƙwasuwa. Ya ce minjirya ta taɓa girgiza shi a ƙarƙashin ruwa har zago ya suɓuce masa. Kafin ya shiga ba ya wani haki, zama yake ya yi shiru, ya ja numfashi a hankali sau biyu ko uku, ya yi bisimilla ya sulale. Na duba agogon wayata: minti ɗaya da daƙiƙa hamsin ya yi, ya ɓullo da tarwaɗa tana ta bugun ƙirjinsa. An ce wani Bafaranshe, Stéphane Mifsud, ya riƙe numfashi minti 11 da daƙiƙa 35 a 2009, amma shi kwance yake lamo ba motsi, ga masu lura a kansa. Wannan bawan Allah kokawa yake da kifi cikin taɓo da duhu.

Kowane mai nutso an ba shi mai tsaro, wanda ke kife a kan gora a saman ruwa daidai inda ya shiga, ba abin da yake yi sai kallon kumfa. Da farko na ɗauka ɓata hannu ne. Sai ga wani matashi, ɗan shekara ashirin ko ƙasa, wanda na lura tun a gaɓa yana ta zuƙar iska da sauri da sauri kafin ya shiga. Ya daɗe. Ya taso kamar lafiya, kansa ya fito, sai idonsa ya juye, leɓensa ya yi fari fat, ya koma ƙasa ba ko ihu. Mai goran nan ya cafko shi ta haɓa kafin a ce kwabo, ya ɗaga fuskarsa sama yana kiran sunansa yana hura masa iska a fuska, har ya yi tari ya farfaɗo. Wata ma'aikaciyar lafiya 'yar garin da ta zo da akwatinta ta yi mana bayani daga baya. Ta ce abin da ke sa mutum ya ji dole ya numfasa taruwar iskar kabon ce a jini. Mai haki da sauri kafin nutso yana korar wannan iskar, sai jikinsa ya daina yi masa gargaɗi, oksijin ya ƙare bai sani ba, ya suma, sau da yawa a daidai lokacin tasowa. Baba bai san waɗannan sunaye ba, amma shi ya kafa dokar mai tsaro, ya kuma hana yaron sake shiga ranar duk da roƙon da ya yi ta yi. Mu a Kano duk zafi sai mun ji yara sun halaka a kududdufi, ban taɓa ganin an sa babba ya zauna yana kallonsu ba.

Ana shirin gwanjo wata mota ta tsaya. Wani ma'aikaci ne daga wani ofishi, da takarda a hannu, ko sallama bai yi ba. Wa ya ba ku izinin taro, ina rasit, ina kason ofis. Abin da ya fi ƙona mini rai, tsohon da ya isa ya haife shi yake ce wa "kai", yana nuna shi da biro. Daga nan idonsa ya sauka a kan wani ramboshi da ya fi kowane girma, ya ce a sa masa a but na oga ne. Matasa suka fara gunaguni. Baba ya ɗaga musu hannu, ya ce, "Ranka ya daɗe, takardar mai gari tana nan, ga ta. Kifin nan kuwa ba nawa ba ne balle in ba ka, na masu fito ne. In oga na so, yanzu za a yi gwanjo, sai ka taya." Mutumin ya tsaya jim, ya ga idon jama'a a kansa, ya shiga mota ya tafi. Ko sisi bai jefa a kwaryar gudummawa ba, alhali wata tsohuwa mai ƙosai a gabana ta kwance bakin zanenta ta zuba ɗari biyar.

Gwanjon ya yi daɗi. Dillalan kifi na Haɗeja sun zo da niyyar saye da araha, sai suka tarar 'yan garin da ke aiki a Kano da Dutse suna ta bugo waya suna tayawa. Ramboshin nan wani direban tirela ya saye shi ta waya, ya ce a dafa wa masu nutso. Ni ma na shiga, na sayi tarwaɗa biyu a kan dubu goma sha biyu. Na san ko a Kano ba za su kai haka ba, a bakin ruwan nan kuwa ranar da ba gasa rabin wannan ma ya yi yawa. Sai a nan na gane irin ribar da ake ci tsakanin masunci da mai saye a birni, wanda ya shiga ruwan shi ne ke samun mafi ƙanƙanta. Bayan magariba aka ƙirga kuɗin a gaban kowa, a kan tabarmar liman, aka rubuta a littafi. Bai kai kuɗin kwalekwale ba, ya ɗan haura rabi. Suka ce za su ba kafinta kafin alƙalami ya fara, sauran a cike bayan girbin shinkafa. Ma'aikaciyar lafiyar ta dage sai an ware na rigunan ruwa ko guda goma ne, aka amince.

Washegari Inna ta banɗare mini tarwaɗar a kan wuta ta naɗe a takardar siminti, ta ƙara mini da ƙullin kuka. Na leƙa kasuwar kifi ta Haɗeja a tsaitsaye, banda tuli-tuli a kwali ana lodi. Motarmu ta yi faci kusa da Gujungu, muka yi awa guda a bakin titi. Na shigo gida bayan isha'i.