Daga Yankaba zuwa bakin kogin Haɗeja

Ƙarfe bakwai na safe motarmu ta tashi daga tashar Yankaba, mu huɗu a kujerar baya, jakar kwamfutata a kan cinya. Muka wuce Gezawa, muka tsaya Gujungu direba ya sha mai, kafin azahar muna Haɗeja. Daga nan ɗan acaɓa ya kai ni ƙauyenmu ta wajen Auyo.

Ba ziyara kaɗai ta kawo ni ba. Aikina fassara hotunan tauraron ɗan'adam, kuma na zo da taswirar ambaliya da na haɗa daga hotunan Sentinel-1, tauraron Turai da aka fara harbawa a 2014. Shi ba ruwansa da gajimare, domin da rada yake gani: yana aiko da sigina ƙasa, ya saurari abin da ya dawo. Shimfiɗaɗɗen ruwa yakan watsar da siginar gefe, sai ya fito baƙi ƙirin a hoto.

Washegari wani dattijo masunci ya ɗauke mu a kwalekwale, ni da ɗan yayata da ke ajin ƙarshe a sakandare. Na nuna wani wuri a taswira na ce, "Baba, nan tudu ne ko?" Ya dube ni, ya yi murmushi, ya tura mu cikin kacala. Ya soka gorar tuƙi, ta nutse har kusan rabinta. "Ga tudunka nan, Injiniya." Kunya ta kama ni, amma na gane abin da ya faru. Siginar ta bugi ruwa, ta bugi karan kacalar, ta koma wa tauraron da ƙarfi, wurin ya fito fari kamar busasshiyar ƙasa. Wata guda ina kallon wannan farin a ofis ban yi zargin komai ba.

Da magariba muna zaune a tabarma bayan tuwo, yaron ya yi tambayar da na san tana cinsa tun safe.

"Kawu, ka taɓa zuwa sama?"

Na ce ko kusa. Yawancin masu wannan sana'a a ƙasa suke tsufa. Na ba shi labarin NASRDA, hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya da aka kafa a 1999, da tauraronmu na farko, NigeriaSat-1, da aka harba daga Rasha a 2003. Wanda na fi son ba da labarinsa shi ne NigeriaSat-X na 2011, domin injiniyoyinmu ne suka haɗa shi da hannunsu a kamfanin Surrey na Ingila. Ban ɓoye masa labarin tauraron sadarwa NigComSat-1 ba, wanda aka harba daga Sin a 2007, ya mutu a 2008 saboda matsalar faifan hasken rana. Abu yana nisan kilomita kusan 36,000, wa zai hau ya gyara? Shi ya sa rabin aikin gwaji ne: a jijjiga na'ura, a gasa ta, a daskarar da ita, tun tana ƙasa.

"To me zan karanta?"

"Ka riƙe lissafi da fizik kamar igiyar guga. Ka nemi injiniyancin lantarki ko na injuna, a Bayero ko Zariya, ka koyi rubuta manhaja tun yanzu, ko a waya ne. Guraben aikin ba su da yawa, kada wani ya ruɗe ka."

Ya yi shiru. Can sai ya nuna yamma, inda wani ɗan haske ke tafiya a hankali, ba ya ƙyaftawa kamar fitilar jirgi. Na ce wannan tauraron ɗan'adam ne, hasken rana ne yake dukan jikinsa, yanzu zai shiga inuwar duniya. Muka bi shi da ido har ya ɓace a saman tsamiya. Yayata ta leƙo daga ɗaki ta ce mu tashi sauro zai cinye mu, kuma gobe da asuba dattijon yana jiranmu a mashaya, akwai sauran "tudu" biyu da zai nuna min.