Daga Union Canal zuwa ɗakin gwaji a Durham

Da ba don abokina mai karatun fiziks a Durham ya nace ba, wallahi ba abin da zai kai ni Hermiston, wani ƙauye a gefen Edinbara da Union Canal ya ratsa. Bas na hau daga tsakiyar Edinbara zuwa wajen jami'ar Heriot-Watt, na ƙarasa da ƙafa, ga iska ga yayyafi. Union Canal ɗin ma ba wani abin kallo ba ne, hanyar ruwa ce siririya, 'yan keke na ta wucewa a gefe. To amma a nan ne a watan Agustan 1834 injiniya John Scott Russell ya ga jirgin ruwan da dawakai ke ja ya tsaya cak, ruwan da ya taru a gabansa kuwa ya ƙi tsayawa, ya dunƙule ya yi gaba abinsa bai baje ba, tsawonsa kamar ƙafa 30, mutumin ya bi shi a kan doki mil ɗaya ko biyu kafin ya ɓace masa. Soliton kenan, wato igiyar ruwa guda mai tafiya a dunƙule ba tare da ta baje ba.

Washegari na hau jirgin ƙasa na gangara Ingila. Abokina ya tare ni a tasha, tun kafin mu gaisa sosai ya ce "Malam, ka lura da ƙuncin ruwan?"

Ɗakin gwajinsu duk madubai ne da wayoyi a kan tebur. Da hasken leza suke sanyaya atam na wani sinadari mai suna rubidiyam har ya kusa ƙarshen sanyi, ƙasa da digiri 273 a ƙarƙashin sifili, sai dubbansu su koma tafiya tamkar igiyar ruwa guda. A ƙa'ida bajewa za su yi, shi ne ake saita maganaɗisu yadda za su riƙa ɗan jan juna, janyowar ta yi daidai da bajewar, a kuma matse su cikin siririn bututun haske. Soliton suke haɗawa kenan da atam. Nan na gane tambayarsa: siririn bututun ne ke musu aikin da ƙuncin hanyar ruwan ya yi wa igiyar Russell. In jan ya yi yawa ko atam ɗin sun wuce kima, rushewa dunƙulen ke yi gabaɗaya. Ya ce a 2002 aka yi irinsa da sinadarin litiyam a jami'ar Rice ta Amurka da kuma Faris.

Ni dai da idona ban ga komai ba sai ɗigo a allon kwamfuta, kuma hoton da ake ɗauka shi ke tarwatsa abin, sai a sake sanyaya wasu daga farko. Haka suke wuni fa!