Hannu bai san an canza moto ba

Da ku nake, samarin da ke karɓar makullin moton aboki ku haye ba ko tambaya. Ni a kan moto mai giya na tsufa, irin 125 ɗin nan da ta cika garin Tawa, kuma na sha hanyar Konni da ita ta Badagishiri, rani da damina. Da gwiwa ta fara ciwo, buga kik da sanyin safiya ya zama aiki, sai yara suka haɗa kuɗi suka saya mini sikuta, wadda ba giya ba kuloci, murɗawa kawai za ka yi ta tafi. Yaron da ya haɗa ta ya ce, "Baba, bari in nuna maka wani abu kafin ka hau." Na ce masa tun ba a haife shi ba nake kan moto. Ya yi shiru, don yana da tarbiyya.

Hannun hagu ya so ya nuna mini. A moto mai giya, ƙarfen da kake matsawa da hagu kuloci ne, ko ka damƙe shi har ƙarshe ba abin da zai faru illa injin ya saki taya. A sikuta kuwa, wannan ƙarfen birkin baya ne. Kaina ya san haka sarai, da an tambaye ni a zaune da na ba da amsa daidai. Amma ranar Lahadi, kasuwa ta cika, amalanken jaki ya ɓullo mini daga wani lungu, sai hannun hagu ya yi abin da ya saba, ya damƙe gaba ɗaya, ƙafar dama kuma tana lalube a ƙasa tana neman birkin da babu shi. Tayar baya ta kulle, ta zame a kan yashin da iska ta zubo bisa kwalta. Ba gudu nake ba, shi ya sa abin ya tsaya a ƙujewar gwiwar hannu da yagewar riga. Mai jakin ne ya ɗaga ni yana ta "sannu Baba".

Abin da nake so ku gane, a lokacin firgici babu sararin tunani, jiki ne ke tuƙi, kuma jiki tsohuwar moto ya sani. Wanda bai taɓa hawa ba yana tsoro, yana bin komai a hankali. Wanda ya daɗe shi ne ke shiga tsakiyar gari ranar farko. Har wannan ɗabi'ar tamu ta murɗa wuta a tsaye don jin ƙarar inji, a sikuta ganganci ce, domin kulocinta da kansa yake kamawa da zarar injin ya ɗau zafin juyi, sai ka ga ta zabura da kai cikin teburin mai shayi.

Sai maganar yashi, wadda mu mutanen Adar ba mu da hanyar kauce mata. Tayar moto mai giya inci 17 ce ko 18, ta sikuta galibi 10 ko 12. Ƙaramar taya nutsewa take a yashi, tana faɗawa ramin da babba za ta tsallake, kuma babu tanki tsakanin cinyoyi da za ka matse ka daidaita jiki. Dabarar dai ba ta canza ba: ka rage gudu tun kafin ka shiga, ka riƙe wuta daidai ba ka ƙara ba ka ragewa, ka ja jiki baya, ka bar kan moton ya yi ɗan rawarsa, kada ka taɓa birkin gaba. Sai dai sikuta ba ta yafe kuskure yadda babbar moto ke yafewa. Cikinta ma kusa yake da ƙasa, duwatsun hanyoyin ƙauye suna bugunsa. A gangara mai tsawo kuma babu ƙaramar giya da za ka saka ta riƙe ka, in ka saki wuta gudu ya ragu sosai sai kulocin ya saki, nauyi duka ya koma kan birki.

Kada ku ce ku ai ba sikuta za ku hau ba. Ko tsakanin masu giya akwai bambanci. Wata giya ta ɗaya a ƙasa take sauran a sama, wata duka ƙasa ake takawa, wata kuma zagayawa take, daga ta ƙarshe in ka ƙara taku ɗaya ta koma firi kana tsakiyar hanya. Wanda ya saba da birkin gaba na ganga, mai laushi, in ya hau mai faifai ya damƙa da ƙarfin da ya saba, ta kan moton zai dire. 'Yan kabu-kabu da ke karɓar moton wani su yi aikin dare sun fi kowa bukatar jin wannan, tunda da ran wani suke tafe a baya.

Da na warke na koma wurin yaron nan, na ce to nuna mini. Ya kai ni wani fili bayan gari, ya ja layi a ƙasa da ƙafarsa, ya sa na riƙa tahowa ina tsayawa a kansa, da birki biyu tare, yatsu biyu-biyu, ina matsawa sannu maimakon damƙa. Muka yi ta maimaitawa har ƙafar dama ta daina motsi da kanta. Shi ya gaya mini cewa ita sikuta bel ke jan ta ba sarƙa ba, kuma ƙurar hunturu tana cin bel ɗin da matatar iska, don haka a riƙa buɗewa ana kakkaɓewa. Buhun albasa kuma ya ce in daina ɗora mata, in aiki ɗan kabu-kabu.