Wasiƙa daga Rajastan: abin da na gani a Bundi

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida. Ina nan lafiya, karatu na tafiya, sai dai sanyin Janairu da ke shiga har ƙashi da asuba. Kusan duk wanda ya kira ni sai ya tambaya, wai Indiya ma akwai sarakuna irin namu? Wasu kuma kuɗin makaranta da abincin halal suke son ji. Zan zo kansu, amma bari in fara da sarakunan, don makon jiya na dawo daga wani gari da ake kira Bundi a jihar Rajastan, kuma har yanzu yana raina.

Ƙaramin gari ne a cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi, kimanin kilomita 35 daga birnin Kota. Masu sarautarsa 'yan gidan Hada ne, reshen zuriyar Chauhan a cikin Rajput, wato mayaƙan Hindu da suka riƙe masarautun wannan yanki. Da sunansu ake kiran ƙasar Hadoti har yau. Kakansu Rao Deva ne ya ƙwace wurin daga hannun mutanen Meena da ya tarar. Bayansa aka gina ganuwar Taragarh a kan dutse, fada kuma a ƙasanta, manne da gangare, hawa kan hawa.

Yadda ƙaramar masarauta ta rayu a tsakanin manya shi ya fara kama ni. A 1569 Akbar, sarkin daular Mugal ta Musulmi da ke mulkin arewacin Indiya, ya yi wa ganuwar Ranthambore ƙawanya, tana hannun Rao Surjan na Bundi. Surjan ya auna ƙarfinsa, ya miƙa ganuwar ya yi mubaya'a, amma da sharuɗɗa. Yadda mutanen Bundi ke ba da labarin, ya nemi kada a ɗauki 'ya'yansu mata zuwa fadar Mugal, kada a buga wa dawakinsu tambarin sarki, kuma su riƙa shiga zauren fada da makamansu. Wanda ya san darajar doki da takobi a gidan sarauta ya san abin da mutumin nan ya tsare. Daga nan suka zama jarumawan rundunar Mugal, har sarkinsu Rao Chhatrasal ya faɗi a yaƙin Samugarh a 1658, yana mara wa yarima Dara Shikoh baya a rikicin gadon sarautar Mugal da ƙanensa Aurangzeb.

Zama kusa da babban sarki kuwa ya zo da nasa ciwon. A 1631 sarkin Mugal Shah Jahan ya yanke Kota daga Bundi ya ba Madho Singh, ɗan sarkin Bundi Rao Ratan. Yau Kota ta yi wa uwarta nisa, birni ne na masana'antu, cike da ɗalibai masu shirin jarrabawa. Da na ji haka sai raba masarautar Kano a 2019 ya faɗo mini. Ba ɓangare nake ɗauka ba, abin da ya biyo baya a Bundi ne ya dame ni. Sarkin Jaipur Sawai Jai Singh ya sa hannu ya tsige sarkin Bundi Budh Singh, iyalinsa suka nemi agajin mayaƙan Maratha daga kudu, ɗansa Umed Singh ya dawo gadon ubansa a 1748 da taimakon jagoran Maratha Malhar Rao Holkar. Masu agajin suka koma masu karɓar haraji, har Bundi ta shiga ƙarƙashin kariyar Turawan Ingila a 1818. A 1948 ta shiga tarayyar Rajastan, a 1971 kuma gwamnatin Indira Gandhi ta soke kuɗin da ake biyan tsofaffin sarakuna tare da laƙabansu. To ga amsarku: zuriyar na nan, jama'a na girmama su, amma doka ba ta san da sarautar ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai rijiyoyi ne. Suna ce musu baori, kuma ba guga ake zurawa ba, matakala mutum yake bi ya sauka har inda ruwa ya tsaya. Da damina ruwan ya hau ya tarye ka, da rani kai ne za ka bi shi ƙasa. Sun haura 50 a garin. Babbarsu ita ce Raniji ki Baori, rijiyar sarauniya, wadda Rani Nathavati, matar Rao Anirudh Singh, ta gina a 1699, zurfinta mita 46. Na shiga ta wata doguwar ƙofa mai sassaƙen giwaye, ina sauka iska na canzawa, hayaniyar kasuwa na lafawa, har na daina jin komai sai kukan tantabaru. Na daɗe a zaune a kan matakalar ina tunanin matan da suka yi ta sauka nan da tulunansu, suna hutawa a inuwa. Rijiyar Kusugu ta Daura na tuna, ita ma da labarin sarauniya a kanta.

Ba duka ake kula da su ba. Na leƙa wata a cikin unguwa, ta ƙafe, leda da robobi sun cika gindinta, yara na wucewa ba mai kallonta. Raina ya ɓaci, don na san kududdufai nawa aka cike aka yi gini a kansu a Kano, da yadda ake yagar ganuwa a hankali. Don Allah wanda ke da tsohuwar rijiya a unguwarsu ya tambayi dattawa wa ya haƙa ta, ya rubuta, ya ɗauki hotonta tun tana nan.

Batun abinci, akwai Musulmi da masallatai a garin, sai dai yawancin gidajen abinci ba sa dafa nama, a unguwannin Musulmi ake nemansa. Mai zuwa kuma ya riƙe fasfo da biza a jikinsa, masauki ba ya ba baƙo ɗaki sai ya cike takarda da su. Kuɗin makaranta sai wasiƙa ta gaba in Allah ya kai mu. A gaida iyaye da kowa da kowa.

Wassalam.