Kafin a lika tayil a kicin: wasiƙa daga Ingila zuwa mutanen Kaduna

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina gaida ku daga Manchesta, inda nake sana'ar wayarin ɗin gidaje. Hotunan gyaran kicin da nake gani daga Malali da Barnawa da Unguwar Dosa ne suka sa na ɗauki alƙalami. Tayil mai kyau, kabad har sama, fitilu a silin, masha Allah. Amma in na tambayi kaurin wayar da aka binne a bango, sai a ce mini ai wannan aikin mai wuta ne. Roƙona shi ne a zauna a kan maganar waya tun bango yana tsirara, kafin birkila ya yi fulasta, domin da an lika tayil gyara ya koma fashe-fashe.

Lissafin ba shi da wuya. Wutarmu a gida da ta nan Ingila iri ɗaya ce, bolt 230, fulogin ma mai ƙafa uku ne, wanda fis ɗinsa ba ya wuce amfiya 13. In ka ninka bolt da amfiya, wat za ka samu, wato soket ɗaya iyakarsa wajen wat 3,000. Butar lantarki mai wat 2,200 kaɗai tana jan kusan amfiya 10. Ƙara mata maikurowef mai jan wat 1,200, kun kai 15. Duk abin da aikinsa dumama ne, hita ko obin ko hotfilet ko tukunyar shinkafa, cin wutarsa ya ninka na fanka da talabijin sau da yawa. Saboda haka uwargida ce ya kamata a fara tambaya, ba mai gida ba: me da me take kunnawa lokaci guda da safe in yara za su makaranta, me kuma take shirin saya nan gaba? A juya bayan kowace na'ura, akwai ɗan tambari da aka rubuta wat ɗinta.

Kukar lantarki mai kai huɗu da obin tana iya kaiwa wat 8,000 ko fiye. Wannan ba ta soket ba ce. Layinta take so ita kaɗai tun daga allon raba wuta, da waya mai kaurin milimita 6 da bireka (makunnin da ke faɗuwa ya yanke wuta in kaya sun yi yawa) mai amfiya 32. In kukar babba ce ko tazarar da nisa, a hau zuwa milimita 10. Soket-soket na kan kanta su samu nasu layin da waya mai 2.5 da bireka mai 20, in da hali a yi layi biyu. Hitar ruwa nata daban.

Akwai wata al'ada da ke tayar mini da hankali. Ƙanwata ta taɓa turo mini hoton soket ɗin bayan kukarta, robar ta yi baƙi ta kumbura a gefen rami ɗaya. Na tambaye ta ko birekar ba ta faɗuwa. Ta ce, “Yaya, da tana faɗuwa, sai mai gyara ya sa mana babba, yanzu lafiya lau.” Ya cire mai 20 ya sa mai 40, waya kuwa tana nan siririyarta. Bireka mai gadin waya ce. In ta faɗi, cewa take kayan sun fi ƙarfin wayar. In an sa wadda ta fi ƙarfin wayar, zafin yana nan, sai dai ya koma cikin bango inda ba mai ganinsa.

Wani abu kuma da turawan nan ba su san shi ba, mu ne muka san shi: gidan Kaduna wuta uku yake ci, ta NEPA da janareto da sola. Inbata mai kVA 3.5 da ake yawan sakawa, buta ɗaya ta kusa cinye ƙarfinta, batir kuwa kafin a gama tuwo ya kwanta. Shi ya sa nake ganin a raba allon gida biyu tun farko. Firji da firiza da fitila da soket ɗin bilanda su hau ɓangaren da inbata ke ɗauka. Kuka da obin da hita su tsaya a ɓangaren wutar kamfani kaɗai, ta yadda ko yaro ya kunna, inbata ba ta san an yi ba. A bambanta launin soket ɗin don kowa ya gane. Firji kuma a sa masa na'urar da ke jinkirta shigar wuta in an dawo da ita.

Ɗauke wutar ma na da nasa haɗarin. A ɗora ruwa a hotfilet, a ɗauke wuta, a manta, a kwanta, ƙarfe biyun dare a dawo da ita. Don haka babban makunnin kuka, mai jar fitila, a sa shi inda ido zai faɗa kansa in za a fita, cikin mita 2 daga kukar, amma ba a samanta ba, kada sai an miƙa hannu ta kan mai yana tafasa. Soket ya nisanci wurin wanke-wanke da aƙalla santimita 30.

Wayar ƙasa, wadda ke kai yoyon wuta daga jikin na'ura zuwa cikin ƙasa, ba ado ba ce. Jikin kuka ƙarfe ne, mai girki hannunta a jiƙe, sau da yawa ƙafa ba takalmi. A kafa sandar ƙasa da kyau, a auna ta da na'ura, musamman da rani in ƙasa ta bushe ƙayau, sannan a sa birekar nan mai jin yoyon wuta ta miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta nan take.

Na san da yawa za su ce mu da gas muke girki, ballantana tun Afrilun 2024 da aka kai yunit ɗin wutar 'yan rukunin A, waɗanda suka fi kowa samun wuta, naira 225. Gaskiyarku. Duk da haka a binne bututu a ja wayar kuka a rufe bakinta. Kuɗinta kaɗan ne a kan na fasa tayil wata rana. Tukunyar gas dai a fitar da ita waje.

Wajen sayen waya, ko a Kasuwar Gumi ne ko a ina, a kankare bakinta da wuƙa. In jan ya goge fari ya fito, alminiyam ne aka shafa wa tagulla, a ajiye musu abinsu. A nan Ingila tun 2005 doka ta ce sabon layi a gida sai an sanar da hukuma ko ma'aikaci mai rajista ya yi ya ba da takarda. A gida hukumar NEMSA ce ke ba masu aikin lantarki shaida, kuma ba rashin kunya ba ne ka nemi ganin ta. Mai aikin ya ja wayoyinsa a miƙe, sama ko gefe daga kowane soket, don kada kafinta ya huda su. Ku ɗauki hoton kowane bango kafin fulasta, shi kuma ya rubuta sunan kowace bireka a jikin allon kafin ku cika masa kuɗinsa.

A gaida mutanen gida.

Naku,
ɗan uwanku a Manchesta