Watan da ba a yi ko ɗigon ruwa ba

Ƙarshen watan nan zan bar ofishinmu na Garwa bayan shekara uku, amma har yanzu abin da ke ci mini rai 'yan layuka ne da na rubuta don manhajarmu ta riƙa zaɓar tazarar lambobin gefen zanen ruwan sama da kanta.

Da farko rabawa kawai na yi. Ruwan wata ya kai milimita 237, a kasa biyar, sai gefen zane ya fito da 47.4, 94.8, 142.2. Malaman gona suka ce wannan ba mai iya karanta shi. Daga baya na ci karo da hanyar da wani masanin kwamfuta, Paul Heckbert, ya wallafa a 1990: ka fitar da ɗanyar tazara, ka duba a gidan ɗaiɗai take ko gomomi ko ɗaruruwa, sannan ka ja ta zuwa 1, 2, 5 ko 10 na wannan gidan. Sai 47.4 ta koma 50, zane ya tashi daga 0 zuwa 250, tsaf. Na gwada da alƙaluman Yuli, Agusta da Satumba, komai lafiya lau.

Ban gwada da rani ba, ni da aka haifa a garin nan.

Ranar da baƙi suka zo daga Yawunde, ɗayansu ya ce a nuna masa Janairu. Sifili ne tun daga farko har ƙarshe. Mafi yawa da mafi ƙaranci suka zama ɗaya, tazara ta fito sifili, manhaja ta yi ta ƙara sifili kan sifili tana jiran ta kai ƙarshen layi. Allo ya daskare, fankar kwamfuta na ta gurnani. Shugaban sashenmu ya dube ni ya ce, “Malam, aikin wata shidan ke nan?” Na ce, “Ranka ya daɗe, a ba ni minti biyar.” Sai ya sa hannu ya rufe kwamfutar.

Kuskuren nawa ne, ban musa ba. Amma mako biyu kafin nan na roƙe shi kwana uku na gwaji, ya ce ba lokaci. A rahoton da ya aika sama, sunana kaɗai ya shiga.

Gyaran layi uku ne: in iyaka biyun sun zo ɗaya, a buɗe su, 0 zuwa 1. Tun daga nan na daina tara 0.1 kan 0.1, ninkawa nake yi, don in ka tara 0.1 sau goma kwamfuta na iya buga maka 0.9999999999999999 maimakon 1. Ina auna faɗin rubutu kafin dogayen lambobi su hau kan juna. Duk abin da zan roƙi shugaba, a rubuce.

Na bar wa wanda zai gaje ni fayil ɗin Janairun nan a saman jakar gwaji. Shekara biyu ke nan manhajar ba ta sake tsayawa ba, rahoton kuwa ba wanda ya koma ya gyara shi.